Boris ko rulma? Gano lalacewar boris a ƙaramin injin moto da harshen makanikan Maraɗi

Résumé. Cet article décrit la démarche par laquelle on reconnaît un roulement défectueux dans un petit moteur de motocyclette, telle qu'elle se dit dans les garages de Maradi, Tibiri et Djiratawa. Les noms de pièces sont empruntés. Le diagnostic lui-même s'énonce avec les idéophones et les verbes du haoussa.

0. Gabatarwa

Duk lokacin da aka tada maganar koyar da sana'o'in zamani da harsunan ƙasa, hujjar da aka fi kawowa ita ce wai Hausa ba ta da kalmomi. Hujjar tsohuwa ce. Ta bi makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, ta bi dokar ilimi ta 1998, kuma ba ta mutu ba bayan da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A ganinmu, kafin a zauna a ofis a ƙirƙiro kalmomi, ya kamata a fara sauraren waɗanda suke yin aikin da Hausa tun safe har maraice.

Saboda haka muka zaɓi fage ƙanƙane: yadda ake gane cewa boris ya lalace a injin ƙaramin moto idan an zo sake haɗa shi. Dalilin zaɓin biyu ne. Na farko, boris ɓoyayyen abu ne. Kafin ido ya gan shi, sai kunne da hannu sun yi aiki, kuma abin da kunne ya ji dole a faɗe shi da baki. Na biyu, kuskure a nan yana da tsada. Ɗan kabu-kabu da aka sauya ma boris ba a gano abin da ya kashe na farko ba, zai dawo garaji bayan ƴan makonni, ya sake biyan kaya da kuɗin aiki, ga kuma kwanakin da bai kai ma mai moto kuɗinsa ba.

Za mu bi aikin daki-daki kamar yadda makanike yake bin sa, muna tsayawa kan abin da ya shafi harshe. Mun bi ƙa'idar rubutu ta 1999, ba mu nuna tsawon wasali da karin sauti ba. Misalan da aka sa ma lamba an bar su cikin karin harshen yankin.

1. Asalin sunayen kaya

Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Tibiri, birnin Gobirawa, tana arewa maso yamma da ita, Jiratawa kuma tana kudu, cikin kwarin Gulbi inda ake noman rani. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 kan alhazan Maraɗi ya nuna yadda arzikin birnin ya dogara ga wannan iyaka. Abin da ya faru ga kaya shi ya faru ga kalmomi: kowace kalma ta shigo ta hanyar da ƙarfenta ya biyo.

Ana iya rarrabe zubi uku. Zubi na farko na Faransa ne: Mobylette ta kamfanin Motobécane, wadda ta fito a 1949, da ƴan'uwanta na Peugeot. Zubi na biyu na Japan ne, Honda da Yamaha da Suzuki, waɗanda yawancin kayan gyaransu daga Kano da Katsina suke zuwa. Faɗuwar naira daga 1986 da karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 sun ƙara tura ƴan kasuwa kudu, domin kayan Turai sun fi ƙarfin talaka. Zubi na uku shi ne na Sin da Indiya, wanda ya cika gari daga shekarun 2000. Da yawa daga injunan Sin kwaikwayon injunan Honda biyu ne, watau Super Cub ta 1958 da CG125 ta 1975, don haka bayanin da zai zo ya shafe su.

Sakamakon haka, kusan kowane ƙarfe suna biyu gare shi, ɗaya daga Faransanci, ɗaya daga Ingilishin Nijeriya:

(1) buji / fulogi « bougie »
pisto / fistin « piston »
biyel / kwanrod « bielle »
bilbirke / kiranshaf « vilebrequin »
rulma / boris « roulement »
bidanji / juye « vidange »

Furucin yana bambanta daga baki zuwa baki, gwargwadon ko mai magana ya yi lakkal. Amma sauye-sauyen sauti irin waɗanda aka sani ne tun nazarin Claude Gouffé na 1971 kan aron Faransanci a Hausar Nijar: v ta koma b, wasalin hanci na ƙarshen kalma ya rasa hancinsa kamar a kamiyo da bido, cunkoson baƙaƙe kuma a raba shi da wasali ko a sauya ma sautuka wuri. Jinsi ma ya bi tsarin Hausa: buji da biyel mata ne a Faransanci, amma da yake ba su ƙare da -a ba, sun zama maza. Mu lura kuma cewa juye ba aro ba ce, daga aikatau juya ta fito. A nan gaba za mu riƙa cewa boris, don taƙaitawa.

2. Ina boris yake, me yake yi?

Fistin yana hawa da sauka cikin silinda. Biyel yana ɗaukar wannan motsi ya kai shi ga bilbirke, wanda ke mai da shi juyi. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ɗaya yana juyawa a kan ɗaya, dole a sa wani abu tsakaninsu. A ƙaramin inji wuraren da suka fi muhimmanci uku ne:

(a) boris biyu masu ƴaƴa, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda suke riƙe bilbirke cikin karter, watau gidan inji;
(b) gindin biyel, inda yake rungume da fil ɗin bilbirke (maneton); a nan allurai ne na ƙarfe, jere cikin raga;
(c) idon biyel na sama, inda fil ɗin fistin ya ratsa; a injin Cub da CG fil ɗin yana juyawa ne kai tsaye cikin idon, a inji mai zango biyu (deux temps) kuwa akwai ragar allurai.

Wani abin ruɗani da ya kamata a lura da shi: Faransanci yana kiran babban ƙarshen tête de bielle, ƙaramin kuma pied de bielle, alhali a cikin inji babban ne a ƙasa. Bahaushe yana bin abin da ido ya gani, ya ce gindi da sama. Wanda ya fassara tête da kai zai aika yaron garaji ga wurin da ba shi ba.

Idan inji yana juyi 6.000 a minti, bilbirke yana zagayawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma a inji mai zango huɗu wuta tana tashi sau 50. Duk wannan duka a kan alluran nan yake sauka. Abin da ke tsakaninsu da fil shimfiɗar mai ce wadda ba ta kai kaurin gashi ba, kuma duk man da ke cikin injin bai wuce lita ɗaya ba.

A nan ne injin moto ya bambanta da na mota. Gindin biyel na mota ba shi da allurai. Ɓawo biyu ne masu laushi, coussinet a Faransanci, metal a bakin makanikan Nijeriya, kuma matsin mai ne ke riƙe su. Idan mai ya yanke, laushin yakan narke nan take, daga nan aka sami karin maganar couler une bielle. Boris mai allurai ba ya narkewa haka. Yana buƙatar mai ya riƙa gudana, ba matsi mai yawa ba, kuma yana iya yin kwanaki yana kuka kafin ya mutu. Wannan jinkiri shi ke ba makanike damar ganewa, shi ne kuma ke ruɗin mai moto har ya ci gaba da aiki, sai ranar da raga ta fashe, biyel ya karye ya huda karter.

3. Mataki na farko: kunne

Mai moto yakan zo da jimla guda:

(2) Injin ya buga. « Le moteur a cogné. »

Wannan jimla ƙarshen labari take faɗi, ba ta faɗin wuri ko sanadi. Aikin makanike shi ne ya warware ta. Yakan yi tambaya: yaushe ƙarar ta fara, da sanyi ko da zafi, a silo ko da kaya, yaushe aka yi juye na ƙarshe. Sa'an nan ya tada injin, ya ɗora bakin doguwar turnabis a jikinsa, ya sa mariƙin a kunne, yana sauya wuri daga sama zuwa ƙasa. Amsoshin da amsa-kama ake bayar da su:

(3) Yana ƙwam-ƙwam daga ƙasa in an ba shi wuta.
(4) Yana gurrr, har ga ƙafa kana jin shi.
(5) Yana ƙwas-ƙwas daga sama.
(6) Yana ƙwal-ƙwal da safe, in ya yi zafi sai ya daina.
(7) Yana cik-cik-cik ga kai.
(8) Yana cakar-cakar ga gefe.

Kowace ɗaya tana nuni ga wuri dabam. Misali na (3) shi ne na gindin biyel: bugu mai nauyi daga tsakiyar inji, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa totur ko an hau tudu da kaya, kuma yana daɗa muni idan mai ya yi zafi ya tsinke. Misali na (4) na boris ɗin bilbirke ne: ba bugu ba ne, gurnani ne da ba ya yankewa, yana hawa da sauka tare da juyin inji. Na (5) ya fi kama da idon biyel na sama, bugu mai kaifi amma maras nauyi, wanda aka fi ji a silo ko sa'ad da aka saki totur.

Sauran ukun ba boris ba ne, kuma saninsu shi ke hana a tsaga inji a banza. Na (6) fistin ne da ya yi sako-sako cikin silinda. Da zafi alminiyon yana kumbura ya cike gurbin, ƙarar ta lafa. Ke nan zafi yana rage (6) yana ƙara (3), kuma wannan ɗaya ne daga manyan ma'aunai. Na (7) gibin bawul ne, wanda saurinsa rabin na juyin bilbirke ne, gyaransa na ƴan mintoci. Na (8) sarƙar cikin inji ce ta saki, a injunan da suke da ita. CG ba ta da wannan sarƙa. Bugu da ƙari, idan gurnani ya sauya sa'ad da aka kama kuloci ko aka sa giya, to a nemi boris ɗin giya, ba na bilbirke ba.

Ta fuskar harshe, abubuwa uku ne suka fito. Na ɗaya, maimaita gaɓa yana tafiya da sautin da ke yankewa, jan baƙi kamar a gurrr yana tafiya da wanda ba ya yankewa. Wannan shi ne ainihin bambancin bugu da gurnani. Na biyu, baƙin ƙarshe yana ɗaukar ma'ana: -m na nauyi da zurfi, -s na kaifi da bushewa, -l na amon abu mai rami. Na uku, wasalin i yana tafiya da ƙanƙanta. Ba mu ce wannan doka ce ga duk amsa-kamar Hausa ba, kuma makanikai biyu suna iya saɓawa kan gaɓa. Amma cikin garaji guda tsarin a tsaye yake, domin yaro daga bakin maigidansa yake ɗaukarsa, injin yana kuka a gabansu. Littattafan gyara na Faransanci da sunaye suke wannan aiki, cognement, grondement, cliquetis. Hausa da amsa-kama take yinsa, kuma rabon nata bai gaza nasu ba.

4. Mataki na biyu: mai da hannu

Kunne zato yake bayarwa, ba hukunci ba. Kafin a kwance komai, sai a juye man cikin kwano mai tsabta a kai shi rana. Idan yana ƙyal-ƙyal kamar an barbaɗa gari, ƙarfe yana cin ƙarfe. Mayen ƙarfe yana raba gardama: ɓarɓashin boris da fil yana manne masa, na alminiyon fistin ko karter ba ya mannewa, mai launin tagulla kuwa daga zoben gefe ko bushi ya fito. Sai a duba ragar tace mai. Injunan Cub da CG ba su da matata ta takarda; suna da raga da kuma wani ƙoƙo mai juyawa wanda ke wurga datti gefe ya tara shi. Idan ƙoƙon ya cika, datti wucewa yake kai tsaye zuwa gindin biyel, kuma sau da yawa ba a taɓa buɗe shi ba tun da aka sayi moton.

Daga nan a cire murfin gefe a kama bolan, watau faifan magneto, a gwada ɗaga shi sama da ƙasa. Idan an ji ya motsa, boris ɗin bilbirke ya tafi. Bayan an cire kai da silinda da fistin, a kawo biyel can sama, a wanke mai da fetur domin mai yana ɓoye gibi, a riƙe shi da yatsu a ja a tura daidai tsayinsa.

A wannan wuri kalma ɗaya tana iya jawo hasara. Faransanci yana cewa jeu, makanike ya ce yana wasa. To amma wasa iri-iri ne, kuma Hausa tana da kalma ga kowane:

(9) Yana zamiya gefe da gefe. « jeu latéral »
(10) Yana lilo. « basculement »
(11) Yana girgiɗi sama da ƙasa. « jeu radial »
(12) Bilbirke yana rawa. « faux-rond »

Na (9) dole ne a same shi, da shi aka ƙera injin. Na (10), idan kaɗan ne, ba laifi. Na (11) ne cuta. A littafin gyaran injunan Cub, gibin gefe na sabon biyel yana tsakanin milimita 0,10 da 0,35, iyakarsa 0,60. Gibin sama da ƙasa kuwa iyakarsa 0,05 kawai, rawar bilbirke 0,10. Ana auna na gefe da siraran faifan awo (jeu de cales), sauran biyun da agogon awo (comparateur). Inda babu agogo, ƙa'idar hannu ita ce: girgiɗin da yatsa ya iya ji ya riga ya wuce iyaka. Yaron da bai raba zamiya da girgiɗi ba zai jefar da bilbirke mai lafiya, ko ya mayar da matacce.

Boris mai ƴaƴa kuma, bayan an tsaga karter, a wanke shi, a ɗiga mai kaɗan, a juya shi a hankali da yatsa. Mai lafiya yana tafiya sumul. Wanda ke garas-garas, ko yake tsayawa yana wucewa, ya gama aiki. Busasshen boris da aka wulwula da ƙarfi yana ƙara ko da sabo ne, don haka wannan ba gwaji ba ne.

5. Mataki na uku: ido da sanadi

Sanin cewa boris ya mutu rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da ya kashe shi, kuma amsar tana rubuce a jikinsa. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne cewa a nan jimla tana sauya siga. An bar (2), inda inji ne kaɗai a jimlar, an koma ga jimla mai ƙarfafawa wadda ke fito da mai aikatawa:

(13) Ƙura ta tac cinye shi. « C'est la poussière qui l'a rongé. »
(14) Mai na bai kai ba, shi yas sa ya ƙone.
(15) Ruwa na yak kwana ciki.
(16) Guduma ta sunka sa mishi.
(17) Tsuhwa na kawai.

Alamar (13) ita ce hanyar ƴaƴan ta dushe, ta yi toka-toka kamar an goge ta da yashi, gibi ya yi yawa amma babu sauyin launi. Za a tarar silinda da ringi su ma sun ci. Hanyar shigar ƙura ita ce matatar iska da ta yage, ko aka cire ta don moto ya ƙara gudu, ko mazurari da kwalbar mai da suka kwana a buɗe. A lokacin hunturu, kan hanyoyin yashi na ƙauyukan Tibiri, wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Alamar (14) launi ce. Ƙarfen da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ya haura digiri 200, wanda ya yi shuɗi ya kai wajen 300, kuma a wannan zafi taurinsa ya tafi, ba ya dawowa. Tambayar ita ce me ya hana mai zuwa: ko ya ƙare domin injin yana shan mai, ko famfon mai ya ci, ko gam ɗin da aka shafa maimakon gaskit ya ɓalle ya toshe ƴar ƙofar da mai ke bi, ko kuma fetur ya tsiyaya daga kafireta ya tsinka shi, abin da hanci ke ganewa. Zafin Afrilu da Mayu, da ya kan haura digiri 40, da buhuna a baya da tafiyar hawainiya cikin yashi, duk suna ƙara wutar, domin iska ce kaɗai ke sanyaya waɗannan injuna. A inji mai zango biyu man cikin fetur yake, don haka wanda ya rage awon gauraye ya rage abincin boris ne kai tsaye. Can kuma boris da ya yi girgiɗi yana ɓata sil, iska ta shiga, fistin ya yi zafi ya cije. Sai a sauya fistin a bar mai laifin.

Alamar (15) tabon tsatsa ne, jere a tazarar ƴaƴan, domin ruwa ya zauna inda kowane ɗa ya tsaya. Ana ganin haka bayan damina, ga moton da ya ƙetara Gulbi ko kududdufi a wajen Jiratawa aka ajiye shi ba a yi juye ba. Man yakan yi fari kamar koko. Alamar (16) tana kama da ita, amma loɓawa ce mai sheƙi ba tsatsa: an buga boris ɗin wajen sa shi, ƙarfin ya ratsa ta cikin ƴaƴan. Irin wannan tun ranar farko yake gurnani. Idan kuma sawun ƴaƴan bai bi tsakiyar zobe ba, ya karkace, to bilbirke ne ke rawa. Idan bayan zoben waje ya yi sheƙi, yana juyawa ne cikin gurbinsa, kuma sabon boris ba zai zauna ba sai an gyara karter. Na (17) ne kaɗai mutuwar Allah da Annabi: fatar ƙarfen tana ɓantarewa ɓawo-ɓawo bayan dogon aiki.

Aikatau ɗin ma abin dubawa ne. Bisa rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, cinye, ƙone, goge, cije, narke duk na aji na huɗu ne, wanda ke nuna aiki ya kai matuƙa. Makanike yana raba ya ci, watau ya fara lalacewa amma yana iya tafiya, da ya cinye, watau babu saura. Aji na bakwai kuwa, gyaru, ɗauru, zaunu, shi ake ji a ƙarshen aiki, ko a hukuncin da mai moto ba ya son ji: ba ya gyaruwa.

6. Sake haɗawa

Abin da aka gano shi ke tsara haɗawa. Bilbirken ƙaramin moto ba guda ba ne, gunduwa-gunduwa ne da aka matse da injin matsi. Don haka biyel da fil da ragar allurai tare ake sauya su, sa'an nan a daidaita rawar. Inda babu kayan yin haka, a sa bilbirke sabo gaba ɗaya. Wajen sa boris, a ɗumama karter daidai-wa-daida har wajen digiri 100, inda ɗigon ruwa ke yin cau, alminiyon ya buɗa, boris ya shiga ba duka. In dole a tura, a tura zoben da ke shiga, ba ɗayan ba.

Lambar da ke jikin boris ita ce harshen da ya haɗa Maraɗi da Kano da Guwangzu. A 6304, alal misali, 04 sau biyar ita ce faɗin rami, milimita 20. 6204 raminsa ɗaya da shi amma bai kai shi girma ba. C3 tana nufin an bar masa gibi kaɗan fiye da na kullum saboda zafi. A bi abin da aka cire da abin da littafi ya ce. Sai a wanke hanyoyin mai da raga da ƙoƙo, a gyara matatar iska, a jiƙa boris da mai kafin rufewa, a tabbatar mai ya hau kai bayan tayarwa, a yi juye na farko da wuri.

7. Kammalawa

Abin da ya gabata ya nuna cewa kalmomin wannan sana'a hawa biyu ne. Sunayen kaya aro ne, kuma suna sauyawa da hanyar kasuwa. Amma sauti da motsi da sanadi da hukunci, watau ainihin ilimin, da Hausa tsantsa ake faɗinsu: amsa-kama, azuzuwan aikatau da jimla mai ƙarfafawa. Ƙamus ɗin kalmomin fasaha da ya tsaya ga jerin sunaye, Faransanci a hagu Hausa a dama, ya ɗauki hawan da ya fi sauƙi ya bar mai nauyin.

Muna ba da shawara uku ga masu shirya littattafan cibiyoyin koyon sana'a. A karɓi sunayen aro guda biyu a jera su tare, domin yaron da zai sayi kaya a kasuwar Maraɗi ko ta Katsina yana buƙatar duka. A ƙayyade ma'anar kalmomin da suke akwai, kamar zamiya, lilo, girgiɗi da rawa, a haɗa kowace da awonta na milimita, maimakon a ƙirƙiro sababbi. A sa amsa-kama cikin darasi, tare da sautin da aka naɗa. Ga ɗalibanmu kuma, akwai aiki a buɗe: a kwatanta amsa-kamar garajojin Maraɗi da ta Damagaram da ta Ƙonni, a ga ko bambancin karin harshe ya kai ga kunnen makanike, sa'an nan a duba ko masu gyaran injin ban-ruwa na lambunan Jiratawa da masu injin niƙa suna aiki da tsari ɗaya.